Garwashi da Mayyar Toka

SHAFI NA 23

Masu zagina a kan na bar Jemimah a mota kwana uku, na ji, na gode. Ke kuma da kika rubuto min cewa Japheth yaron kirki ne, ba a fahimce shi ba ne kawai, karanta wannan shafin tukuna, sai ki dawo mu yi magana.

*

Ko ɗakinta na Bomo Jemimah ba ta biya ba. Tana sauka daga motar Jos ta tari keke, jaka a cinya, ta ce Sabon Gari.

Kwana goma ta yi a can tare da 'yan ajinsu na zane, kuma kwana goman nan ba abin da ke ranta sai littafinta. Shekara biyu tana zana shi. Littafin zane ne, irin wanda yara ke kira komik, labarin wata jaruma mai suna Garwashi. Mace ce mai shekara hamsin, mai kaurin damtse, mai ɗaurin zani, wadda ke shiga cikin gobara ta fito da mutane a kafaɗa. Rabin fuskarta tabon ƙuna ne.

Fuskar Mama ce, mahaifiyarta, mai suyar ƙosai da doya a bakin kasuwar Samaru.

Kafin ta tafi ta damƙa komai a hannun saurayinta Japheth, tunda shi ke rubuta maganganun da ke cikin littafin, shi kuma ya samo wanda zai ɗauki nauyin bugawa. Yau Alhamis, jibi za a ƙaddamar. So take ta ga na farko da idonta kafin ta kai wa Mama.

Shagon Oga Nedu cike yake da ƙarar inji da warin tawada. Inyamuri ne haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa ba ka ce ba a Tudun Wada ya tashi ba. Yana ganinta ya kashe inji, ya hau goge hannun da ba abin da ya taɓa.

"Ah, madam artist, you don come? Sannu da hanya."

"Yawwa Oga Nedu, sannu da aiki. Ina littafina?"

"Japheth na ciki. Bari in kira shi."

"Ba Japheth na tambaya ba."

Ga su nan a jibge a kan tebur, an ɗaure dami-dami. Ta zaro ɗaya tana murmushi.

Murmushin bai kai ko'ina ba.

A bangon littafin wata yarinya ce fara sol, gashi har gadon baya, ƙugu kamar an ɗaure da igiya, cikin wasu kaya da suka manne mata kamar fenti. Kafaɗu a waje, cinya a waje. A sama an rubuta WALƘIYA da manyan baƙaƙe. A ƙasa, da ƙanana: Zane, Jemimah Bulus.

Ta san fuskar. Ta yi mata wanka, ta goya ta. Hephzibah ce, ƙanwarta, autar Mama. An ƙara mata haske, an kuma goge ɗan tabon nan da ke bayan kafaɗarta ta hagu.

Sai idon Jemimah ya sauka ƙasa, inda yarinyar ta ɗora takalmi.

A wuyan wata tsohuwa ta ɗora shi. An yi wa tsohuwar jajayen idanu da haƙora zaƙo-zaƙo, an rubuta a gefenta: MAYYAR TOKA.

Rabin fuskar ƙuna ne, babu kunne. Ɗaya rabin lafiya lau, da ɗan baƙin tabo a ƙarƙashin ido, da ɗan kunne guda ɗaya.

"Jemi! Yaushe a gari? Shi ne ko ki kira ni?"

Japheth ne ya fito daga ciki, riga fes, ƙamshin turare na binsa. Ya buɗe hannuwa zai rungume ta.

Ta ɗaga littafin tsakaninsu.

"Mene ne wannan?"

"Okay. Zauna tukuna."

"Japheth, mene ne wannan?"

"Littafinmu ne. An ɗan yi gyara."

"Ina Garwashi?"

Ya ja numfashi irin na malamin da ya gaji da daƙiƙin ɗalibi. Ni wannan numfashin nasa ya fi komai ƙona min rai.

"Jemi, be realistic. Mutumin da ya ɗauki nauyinmu man shafawa yake sayarwa. Man gyaran fata. Na kai masa Garwashinki, ya buɗe shafin farko, ya rufe, ya ce in ɗauke masa daga tebur yana cin abinci."

"Sai ka ce masa me?"

"Me zan ce? Gaskiya ya faɗa. Wace yarinya ce za ta manna wannan fuskar a bangon ɗakinta? Wane saurayi ne zai sa ta a waya? Mace in za ta tashi sama, sai ta zama abin da za a ɗaga kai a kalla. Je ki duba duk komik ɗin duniya, mai tabo a fuska shi ne mugu. Ba ni na kafa dokar ba."

"Shekara biyu, Japheth."

"Ai ban zubar da aikinki ba! Shi ya sa nake cewa ki zauna. Wani mai zane, Damilare, shi ya zana Walƙiya, amma da ya zo kan mayyar ya gwada, ya gwada, ya kasa. Ya ce ba zai iya zana abin tsoro da ya kai wanda kika riga kika zana ba. Sai muka yanko naki a kwamfuta muka ɗora. Haƙora kawai ya ƙara da jan ido. Everything else hannunki ne. Yabo ne fa, in kin lura."

Oga Nedu ya juya baya yana gyara takardun da suke a gyare.

Muryar Jemimah ta yi ƙasa.

"Uwata ce."

"Na sani."

"Ta ba ka abinci. Ta ce maka ɗana."

"To wa ya sani ban da mu? Ba kullum a rufe take ba?"

Nan ya taɓa ta inda ke ciwo, domin gaskiya ne. Shekara goma sha tara Mama na ɗaura ɗankwali ta sauko da shi ya rufe kumatun hagu da wuya, ta soke a ƙarƙashin haɓa. A coci haka, a kasuwa haka, a gaban kasko cikin zafin Maris haka. Jemimah ba ta taɓa roƙon ta buɗe ba. Wata Lahadi ce bayan sujada Mama ta kishingiɗa, barci ya ɗauke ta, ɗankwalin ya zame. Jemimah ta zauna a ƙasa da fensir ta zana ta, tana kuka tana zanawa. Ba ta faɗa mata ba. Wai sai ranar ƙaddamarwa, a gaban matan zumunta na cocinsu, Mama ta ga kanta jaruma.

"Zibah ta ga wannan?"

"Hephzibah? Ita ta tsaya aka ɗauki hotunan."

"Mayyar nake nufi. Ta gani?"

Japheth ya sosa ƙeya, amma bakinsa bai iya ɓoye murmushi ba.

"Tunda kin tambaya. Ni da farko na ce a ɗan canza fuskar. Ita ta ce a bari. Ta ce tun tana ƙarama, in Mama ta cire ɗankwali za ta yi wanka, fuskar nan ke hana ta cin abinci. Ta ce in ta tsorata ta, za ta tsorata kowa."

Jemimah ta dafa tebur.

Shekararta shida ranar da risho ya fashe a ɗakinsu na Dogarawa. Tana tsakar gida tana wasa, Mama na bakin rijiya, Hephzibah jaririya tana barci a kan gado. Da idonta ta ga maza uku sun riƙe Mama ta fizge, ta shiga. Da idonta ta ga abin da ya fito, rungume da jaririya a ƙirji, kai na ci da wuta. A asibiti Mama ta sa ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ta yi alkawari ba za ta taɓa faɗa wa ƙanwarta ba. Kada yarinya ta tashi tana ganin laifinta ne. Har yau abin da Hephzibah ta sani, kaskon mai ne ya kife wa Mama, nata kuma tabon haihuwa ne.

"Oga Nedu."

"Madam."

"Ko guda ɗaya ya fita daga shagon nan?"

"Littafi? A'a. Duk ga su nan, sai jibi."

Ta sauke ajiyar zuciya.

"To ba zai fita ba. Ko in kwana a ƙofar nan, ko in ƙona su da hannuna."

Japheth ya yi dariya.

"Ki ƙona? Da sunanki a kai? Ki gwada."

Oga Nedu bai yi dariya ba. Ya tsaya yana murza tsumma a hannu.

"Madam... sai dai waste."

"Me?"

"Takardun gwaji. Kin san in za mu fara bugu, kala ba ta hawa daidai nan take. Sai mun yi ta zuba takarda muna gyara inji. Waɗanda suka lalace ba ma zubarwa."

"Kuna kai su ina?"

"Akwai wata Iya da ke zuwa duk Litinin ta kwashe. Ita ke rarraba wa mata masu suya, masu gyaɗa, masu kifi. Na naɗe kaya."

"A wace kasuwa?"

Ya ci gaba da murza tsumman.

"Oga Nedu, a wace kasuwa?"

"Samaru take kaiwa."

Jemimah ta ji ƙarar injin da aka kashe tana dawowa a cikin kanta.

"Wane shafi?"

"Na tsakiya ne ya ba mu wahala. Jan ya ƙi zama. Shi muka fi ɓatawa, abeg no vex, ni ban san..."

Ta buɗe tsakiyar littafin. Shafi biyu a haɗe, babu komai a kai sai fuskar, tun daga goshi har wuya.

Yau Alhamis. Tun Litinin.

Ta saki littafin, ta bar jakarta a nan, ta fita a guje. Japheth ya biyo ta har bakin titi yana ɗaga murya.

"Ƙarfe huɗu motar talla za ta iso Samaru! Ki gyara fuskarki ki zo ki tsaya, mutane za su so ganin artist!"

*

Daga Kwangila zuwa Samaru ba ta san yadda aka yi ba. Kwandasta ya yi mata magana sau uku kafin ta gane an iso.

Tun daga bakin titi ta fara gani.

Guda a cikin kwata, ruwa ya jiƙa. Guda a ƙarƙashin tayar baro. Wani ɗan acaɓa ya gama cin gyaɗa, ya goge hannu da takarda mai jan ido ɗaya, ya dunƙule ya jefar. Mai kifi na ganinta ta sunkuyar da kai. Mai tumatir da kullum ke ce mata 'yar jami'a ta juya tana kiran wani da ba ya nan.

'Yan makarantar firamare sun taso, sun yi cirko-cirko daga nesa da rumfar Mama. Ba su matso ba, ba su tafi ba. Ɗaya ta ɗaga takarda tana dubawa tana duban rumfar.

"Ita ce wallahi. Ga ɗan kunnen."

"Mayyar Toka! Mayyar Toka!"

Suka watse da gudu suna dariya, suka sake dawowa.

A irin wannan lokacin layi ake yi a gaban Mama. Yau ƙosai ne tsibi a tire, ya huce, ya yi tauri. Wutar murhu ta kusa mutuwa. Mama na zaune a kujerarta 'yar tsugune, ɗankwali a soke a ƙarƙashin haɓa, takardu a cinya. Ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, ta shafe da tafin hannu ta miƙar, ta kife a gefe.

"Mama."

Ba ta ɗago ba.

"Kin dawo? Ya hanya?"

"Mama, don Allah..."

"Kin ci abinci? Ga ƙosai nan, ba mai saye. Ɗauki."

Jemimah ta zube a gabanta, gwiwa a cikin toka.

"Ba haka na zana ba. Na rantse da Allah ba haka na zana ba. Japheth ne ya..."

"Haƙoran ba naki ba ne, na sani. Idon ma ba naki ba ne."

Ta miƙar da wata takardar.

"Sauran hannunki ne. Tun kina ɓata min bango da gawayi na san hannunki. Nan inda fatar ta tattare a ƙarƙashin gurbin kunne, ni kaina ban san haka yake ba sai ranar Litinin. Kin iya aiki, Jemimah. Ba a banza na tura ki makaranta ba."

"Mama ki dake ni. Ki zage ni."

"Yaushe kika zana ni?"

"Wata Lahadi... kina barci."

"Ina barci."

Ta maimaita a hankali, tana gyaɗa kai.

"Shekara goma sha tara ko madubi ban ba wannan gefen ba. Babanku har ya koma ga Ubangiji, in zan cire sai ya juya baya, don ya san ba na so. Yanzu mai kifi ta gani. Mai gyaɗa ta gani. Ranar Talata na naɗe wa matar fasto doya da shi, ban lura ba, sai da ta buɗe a gabana."

"Jaruma na zana ki, Mama! Garwashi sunanta. Tana shiga wuta tana ceton mutane, yara na binta suna tafi. So nake duniya ta san abin da kika yi."

Sai yanzu Mama ta ɗago ta dube ta.

"Na ce miki ina so duniya ta sani?"

Jemimah ta sunkuyar da kai. Mama ta ci gaba.

"Shi ya duba ya ga mayya. Ke kin duba kin ga jaruma. A cikinku wa ya zo ya ce, Rifkatu, za ki ba mu aron fuskarki? Ƙosai nake soyawa, Jemimah. Abin da na roƙa a bar ni da shi ke nan, da ɗankwalina."

Kuka Jemimah take yi har da majina, kuma ni ban ga laifin Mama ba ko kaɗan. Tausayin yarinyar nake ji, amma ban ga laifin Mama ba.

Daga can wajen titi kiɗa ya taso.

Wata farar a-kori-kura ce ke tahowa a hankali, manyan lasifika a ɗaure, ƙyallen talla a kowane gefe. Yara suka kwasa suka nufe ta. A bayan motar wani mai suna Tunde, wanda ake ɗauka sanarwa a bukukuwa, yana riƙe da makirfo yana tsalle.

"Samaru, kuna ina! Ga ta nan! Walƙiya! Kyakkyawa mai kashe mayu! Jibi ne, jibi ne!"

A tsakiyar motar Hephzibah ce tsaye, hannu a ƙugu, cikin kayan nan na bangon littafi. Gashin doki har baya, kafaɗu a waje sun sha hoda. Samari na fito, tana ɗaga musu hannu. Japheth na gaba kusa da direba, gwiwar hannu a taga.

Cunkoso ya tsayar da motar daidai gaban rumfar.

Yaran suka fara nuni.

"Ga mayyar can! Anti Walƙiya, ga ta can! Ki kashe ta!"

Hephzibah ta juyo tana dariya. Ta ga rumfar. Ta ga yayarta a durƙushe. Hannun da take ɗagawa ya tsaya a sama.

Mama ta ajiye takardun. Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta.

"Mama kar ki je. Mama!"

Ta sa hannu a ƙarƙashin haɓa ta zare ɗankwalin. Ta ninke shi biyu, ta ninke huɗu, ta ɗora a kan kujera. Sannan ta taka zuwa motar, rana na dukan gefen da bai ga rana ba tun Hephzibah na cikin zani.

Mai kifi ta toshe baki.

Tunde kaɗai bai gane ba. Shi a zatonsa cikin shirin ne.

"Kai! Kai! Jama'a ga Mayyar Toka da kanta! Oga Japheth, ba ka faɗa min ka ɗauko 'yar wasa ba! Wa ya yi wannan kwalliyar? Kamar gaske! Madam matso, matso, yi mana muryar mayu!"

Ya sunkuyo ya miƙa mata makirfo yana dariya, har yana kai yatsa zai taɓa kumatun ya ji ko roba ce.

Mama ta karɓi makirfon. Ba ta taɓa riƙe shi ba sai a zumunta, don haka ta riƙe da hannu biyu, kamar za ta ba da waƙa.

"Auta."

Muryar ta fita ta lasifika har bakin titi.

"Mama... ni ban san za a..."

"Sauko. An ce ke za ki taka min wuya, ga ni na kawo miki. Amma kafin ki ɗaga ƙafa, juya ki goge hodar da ke bayan kafaɗarki ta hagu, mutane su gani."

Jemimah ta taso da gudu.

"Mama kin sa na yi alkawari! Mama kar ki faɗa!"

"Ke kika yi alkawari. Ni ban yi ba."

Hannun Hephzibah ya tafi kafaɗarta da kansa.

"Tabon haihuwa ne... ke kika ce min tabon haihuwa ne."

"Ƙarya na yi miki."

Mama ta juya mata gefen hagu sosai, ta matso har jikin motar.

"Iyakar abin da wutar ta samu a jikinki ke nan. Sauran ga shi nan."